Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Jihar Jigawa kan 'yan damfarar waya da ɓarayin fasaha

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a aikin da muka tura ku Abuja, ku sanatocinmu 3 da 'yan majalisar wakilai 11.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. A garinmu duk wanda saƙo ya shigo masa a waya ya kasa karantawa, wurina yake kawowa, ko a makaranta in an fita tara, ko a ƙofar gida bayan sallar magariba. Da can wasiƙun 'yan ci-rani nake karanta wa iyayensu. Yanzu alat nake karantawa, in gaya wa mutum nawa ne ya shigo, nawa ne ya fita. A hannuna ake miƙo wayar, kuma sau da yawa daga bakina mutum yake fara jin cewa an kwashe masa dukiya.

Ina magana da yawun manoman riɗi da zoɓo, da dillalan dabbobi, da mata masu adashi da suka koma tara zubi a asusun banki, da samarinmu masu sana'ar POS da masu cajin waya, da kuma 'ya'yanmu masu rubuce-rubuce da waƙa waɗanda ake cin guminsu a intanet. Dattawan garinmu ne suka ce in rubuta, bayan abin da ya sami baffana.

A kakar da ta wuce baffana ya kai riɗinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai saye ya ce babu tsabar kuɗi, sai dai taransifa. Baffa yana da asusu, wanda ya buɗe ala tilas a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum yake da hatsi a rumbu amma ba ya iya samun naira dubu a hannu. Aka tura masa naira 740,000. Da su ya yi niyyar aurar da 'yarsa, ya sayi taki, ya ajiye saura don bazara. Ranar Juma'a da yamma, bayan an rufe bankuna, wani ya kira shi da Hausa tsantsa, murya cike da ladabi. Ya yi sallama, ya ce «Baba Alhaji, barka da Juma'a», ya ambaci sunansa da na mahaifinsa daidai, ya ce daga babban ofishin banki yake, kuma za a rufe asusun a daren nan saboda BVN ɗinsa bai dace da NIN ba. Ya ce in ana so a gyara, a karanto masa lambobin da ke jikin kati, sannan wata lamba za ta shigo, ita ma a karanto. Ya ƙara da cewa sirrin banki ne, kada a gaya wa kowa, ko da ɗan cikinsa ne.

Idon baffa ya yi rauni, sai ya kira jikansa mai shekara 12, ɗan ajina, ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. Bayan isha'i suka zo tare, baffa riƙe da waya, yaron riƙe da tocila. Alat huɗu ne suka shigo a jere, tsakanin na farko da na ƙarshe ba a yi minti goma ba. Abin da ya rage a asusun naira 312. Yaron nan ya yi mako guda bai zo makaranta ba, yana cewa shi ya jawo.

A daren muka kira lambar da ke bayan kati. Wata murya ta na'ura ta yi ta magana da Turanci, danna kaza, jira kaza, har katin wayata ya ƙare. Asabar da Lahadi babu banki. Ranar Litinin muka hau mota zuwa cikin gari, muka bi layi, muka cike takarda da Turanci, aka ce mana kuɗin sun faɗa asusun wani kamfani, daga can kuma an rarraba su, sai mun kawo rahoton 'yan sanda da takardar kotu. A caji ofis jami'in da ya karɓe mu ya mutunta furfurar baffa, ya rubuta bayani, sannan ya faɗa mana gaskiya: ba su da kayan bin sawun layi ko asusu, sai dai mu nufi Dutse ko Kano. Mun yi tafiya uku. Da wata na uku ya kama, baffa ya ce da ni, «Malam, kar mu ƙarar da ɗan abin da ya rage a kuɗin mota. Na bar wa Allah.» An ɗaga bikin zuwa baɗi.

Ranku ya daɗe, bayan wannan na nemi dokar na karanta, ina yi ina duba ƙamus. Ashe doka tana nan. Tun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Laifukan Intanet, kuma majalisarku ta yi mata kwaskwarima, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a watan Fabrairun 2024. Ta haramta sojan gona da sunan wani, ta haramta damfara da katin banki, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ga wanda ya yaudari mutane ta saƙon intanet don ya karɓi lambobinsu na sirri. Har ma ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya mayar wa wanda ya cuta dukiyarsa. Da na karanta wa dattawa wannan wurin da Hausa, wani ya ce, «To ta ina ake shiga?» Wannan tambayar ita ce damuwarmu ta farko.

Laifukan da ke cikin dokar nan a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arsu, tamu kuwa tana Dutse. Cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet tana Abuja, ofishin EFCC da muka sani yana Kano. An ce ana iya kai ƙorafi ta intanet, amma wanda aka fi cuta a wurinmu shi ne mai ƙaramar waya ta madannai, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, kuma bai taɓa buɗe imel ba. Mutumin Birniwa ko Guri ko Sule Tankarkar da aka kwashe wa naira 60,000, in ya lissafa kuɗin mota da kwana da ranakun gona da zai rasa, sai ya ga neman haƙƙin ya fi asarar tsada. Sai ya yi shiru. Shirun nan shi ne jarin ɓarawo. Ya san in ya ɗebi 50,000 a nan, 80,000 a can, babu wanda zai bi shi. Kuma tunda ba a kai ƙara ba, ba za mu bayyana a lissafin kowace hukuma ba, sai a ɗauka a Abuja cewa damfarar intanet matsalar Legas ce da Turawan da 'yan yahoo ke yaudara.

Damuwa ta biyu ita ce lokaci. Kuɗin da aka sata ta waya ba sa kwana wuri ɗaya. Ana tura su asusu na biyu, a tsattsaga su zuwa na uku da na huɗu, a ciro su a POS daban-daban kafin gari ya waye. Shi ya sa 'yan damfara suke son yammacin Juma'a da jajibirin Salla, don sun san ƙofar banki a rufe take. A ɗaya ɓangaren kuma, tsarin Babban Banki shi ne ka fara kai kuka bankinka, ka jira mako biyu, in ba a share maka hawaye ba sannan ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Wannan tsari yana da amfani ga wanda aka cire wa kuɗi bisa kuskure. Ga wanda ɓarawo ya yashe, mako biyu daidai yake da a ce masa ya haƙura. Na ga gyaran 2024 ya rage wa'adin da kamfanoni za su sanar da gwamnati harin da aka kai wa na'urorinsu daga kwana 7 zuwa awa 72. Kun gane ke nan cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Muna so irin wannan gaggawar ta zo kan asusun talaka.

Ta uku ita ce wadda ta fi ci min rai. Tun watan Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Mun bi layi cikin hunturu da ƙura, mata da goyo, tsofaffi da sanda, wasu sun yi sammako sau uku kafin a ɗauki hotonsu. A 2024 aka rurrufe layukan da ba a haɗa ba, mutane suka rasa lambobin da 'ya'yansu suka san su da su. An gaya mana cewa wahalar ta tsaro ce, daga yanzu kowane layi yana da fuska, kowane asusu yana da mai shi. Mun yarda, mun bi. To fuskar wa ke kan layin da ya kira baffana? Asusun wa kuɗinsa suka faɗa? Kuma a ina mai kiran ya samo sunansa da na mahaifinsa, ya san ranar da kuɗi suka shigo?

Wani ɓangare na amsar a gabanmu yake faruwa. Samari kan shigo ƙauye da babur da babbar waya, su ce rajistar tallafi suke yi. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta yi wa jiharmu mummunar ɓarna, sun fi yawa, domin kowa yana jiran taimako. Sai su zauna a inuwar darbejiya, mata su yi layi, a ɗauki hoton fuska, a ɗauki hoton takardar NIN, a rubuta BVN, a ba mace naira 2,000 a ce somin-taɓi ne, saura na nan tafe. Babu abin da ke tafe. EFCC da kanta ta bayyana a 2025 cewa akwai matasa masu sayen irin waɗannan bayanai a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar kan kusan 5,000 don a buɗe asusun da ake zuba kuɗin damfara. Ke nan ranar da aka bi sawun kuɗin wani baffan, sunan da zai fito shi ne na wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta san an buɗe asusu da sunanta ba. An cuce ta a farko, sannan ita za a tuhuma a ƙarshe. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da hukumar da aka kafa dominta, amma a ƙauye ba mu taɓa jin an hukunta wani mai tara bayanan bogi ko wani ejan da ya yi rajistar layi da sunan wani ba.

Daga nan sai maganar samarin POS, waɗanda su ne bankinmu a yau. Wani tsohon ɗalibina yana da 'yar rumfa a bakin tasha, da laima da benci da na'ura biyu. Wata rana baƙo ya tsaya da babur, ya ce ɗan'uwansa zai turo kuɗi, a ba shi tsaba. Kuɗi suka shigo, yaro ya cire ladansa, ya ƙirga masa. Bayan kwana tara aka rufe asusunsa da jarinsa duka a ciki, aka zo aka tafi da shi. Ya kwana biyu a tsare, mahaifinsa ya sayar da tunkiya biyu kafin maganar ta mutu, asusun kuma bai buɗe ba sai bayan watanni. Baƙon babur har yau. An bar jaki ana dukan taiki. Ban ce duk mai POS tsarkakakke ne ba. Akwai masu leƙen lambar sirrin tsofaffi, akwai masu musanya kati, akwai masu haɗa baki da ɓarayi, kuma waɗannan a hukunta su. Amma a 2024 an tilasta musu rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, sun biya, sun yi. Abin da ba a yi ba shi ne a tara su a koya musu yadda za su gane kuɗin sata, da irin littafin da za su riƙa ajiyewa, da lambar da za su kira in sun yi shakka. An san inda suke in za a kama su, ya kamata a san inda suke in za a ilimantar da su.

Ranku ya daɗe, akwai magana mai nauyi da mutanenku ke yi a majalisar shayi, kuma gara ku ji ta daga bakin mai girmama ku. Suna cewa hukuma tana da ido a intanet in an taɓa babba, amma idon yakan rufe in an taɓa talaka. Ba su manta ba, a watan Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani rubutu da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, daga baya aka janye ƙarar. Ni malami ne, ba na koya wa yaro zagin na gaba da shi, addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda da haka ba. Amma jama'a sun ga cewa ana iya gano mutum ɗaya a cikin dubban ɗalibai in an so. Sashe na 24 na Dokar Hana Laifukan Intanet, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kun rage masa faɗi a 2024, kuma mun yaba. Abin da muke jira shi ne ƙwarewar da ake nemo mai rubutu da ita a juyo da ita kan mai kiran tsofaffi ran Juma'a da yamma.

Haka kuma abin da talaka ya fara ji game da gyaran 2024 shi ne haraji. A watan Mayun shekarar Babban Banki ya fitar da sanarwar cire kashi 0.5 cikin 100 daga kuɗin da ake turawa, da sunan asusun tsaron intanet. Majalisar wakilai ta nemi a janye, shugaban ƙasa ya dakatar, aka janye sanarwar. Mun gode da wannan tsayuwa. In har maganar za ta sake tasowa ta kowace fuska, muna roƙo ku fara tambaya: nawa ne daga ciki zai iso Gagarawa da Kaugama da Yankwashi, kuma a wace siffa?

Sai satar fasaha, wadda da yawa a cikinmu ba ma ɗaukarta sata, ni ma sai da abin ya zo gida na gane. 'Yar ƙanwata tana aure a wani gari kusa da mu, tana rubuta littattafan hikaya a wayarta. Da daddare take yi, bayan yara sun yi barci, da yatsa biyu, wani lokaci caji ya ƙare a tsakiyar shafi. Takan saki shafukan farko kyauta, wadda ta ji daɗi ta biya naira 500 a sa ta a zauren WhatsApp na masu biya. Da wannan take sayen sabulu da littattafan makarantar 'ya'yanta ba tare da ta fita daga gida ba. Littafinta na baya ta yi wata biyar a kansa. Kafin ta kai ƙarshe, wata daga cikin masu biya ta kwafe shi duka, ta haɗa shi wuri guda, ta watsa a zaurukan kyauta. Bayan 'yan makonni sai ga shi wani yana karanta shi da murya a YouTube, an canza masa suna, an goge sunanta, tallace-tallace na gudana a kai. Ta yi kuka, ta yi Allah ya isa a zaure, aka yi mata dariya aka ce ai labari ne kawai. Ta daina rubutu wata shida.

Abin da ya same ta shi ya sami 'yan fim da mawaƙa tun tuni. Waɗanda suka san Ƙofar Wambai a zamanin kaset da faifan CD sun san yadda kasuwar finafinan Hausa ta cika ta batse, sun kuma ga yadda ta watse da turi ya shigo, wato tura finafinai a waya da memori, har masu shirya fim suka koma dogon zango a YouTube. A kowace kasuwar ƙauye yanzu za ka ga shagon caji, janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, a gefe kuma yaro da tsohuwar kwamfuta yana loda wa mutane finafinai da waƙoƙi a memori kan kuɗi kaɗan. Daga wannan cinikin ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya kashe dukiyarsa ya yi aikin. Akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma a cikinta an tanadi yadda mai fasaha zai aika sanarwa a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. 'Yar ƙanwata ba ta taɓa jin labarinta ba sai da na gaya mata, kuma ko da ta ji, ba ta san wa za ta rubuta wa ba, da wane harshe.

A nan ina roƙonku da hattara. Kada maganin ya zama samame a kasuwannin ƙauye, a kwashe kwamfutocin yaran caji, a ci su tara, a koma. Yawancinsu sun gama sakandare ba aiki, wannan rumfar ce ta hana su tafiya ci-rani ko faɗawa shaye-shaye. Su ne ƙarshen igiya. Masu manyan shafuka da tashoshin da ke tara aikin mutane suna cin kuɗin talla, su ne bakin rijiyar. Yaron caji kuwa ana iya mayar da shi dillali na halal: a yi masa rajista mai sauƙi, ya sayi fim daga masu shi a farashin da zai iya, ya tura wa jama'a, kowa ya samu. Irin wannan rajistar za ta kuma taimaka wa iyaye, domin a cikin memorin nan ake cusa wa yara ƙanana abubuwan da ba sa faɗuwa.

Ga abin da muke nema a wurinku, ranku ya daɗe.

Muna so ku yi amfani da ikonku na sa ido da na kasafin kuɗi a samar da tebur na karɓar ƙorafin damfarar waya a babban caji ofis na kowace ƙaramar hukuma 27 ta jihar nan. Jami'i ɗaya ma ya isa a fara da shi, in dai an horar da shi, yana da kwamfuta da wutar sola, kuma yana iya tura ƙorafi kai tsaye zuwa Dutse da cibiyar Abuja a ranar. A ba mai ƙara takarda mai lamba ya riƙe, kada a nemi ko sisi a hannunsa da sunan kuɗin fayil ko kuɗin mai.

Muna so a sami gajeriyar lamba guda ta kyauta, dare da rana, Asabar da Lahadi da ranar Salla, wadda mutum zai ɗauka da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, kamar yadda hukumar sadarwa take da 622 don ƙorafin layi. Kuma ku sa a cikin doka cewa da zarar an kai rahoto ta wannan lamba, wajibi ne bankin da kuɗin suka fita da wanda suka shiga su riƙe adadin kuɗin nan take na 'yan kwanaki, kafin a kawo takardar kotu. Adadin da ake tuhuma kawai za a riƙe, ba dukan jarin mai POS ba, kuma in wa'adi ya cika babu hujja a sake shi. Wannan shi ne babban roƙonmu. Da akwai shi a daren Juma'ar nan, wataƙila da an tsare wani abu daga kuɗin baffa.

Muna so bankin ko kamfanin da ya buɗe asusu da bayanan sata, da kamfanin sadarwar da ejansa ya yi rajistar layi da sunan wanda bai sani ba, su ɗauki kaso na asarar. Muddin asarar tana kan manomi shi kaɗai, ba su da dalilin tsananta bincike.

Ku gayyaci hukumomin da abin ya shafa gaban kwamitocinku, ku tambaye su a bainar jama'a: ƙorafi nawa suka karɓa daga Jigawa tun 2015, nawa suka kai kotu, naira nawa aka mayar wa masu su, kuma a cikin shari'o'in da aka yi da Dokar Hana Laifukan Intanet nawa ne na damfara, nawa ne na rubutun da ya ɓata wa wani babba rai. Ku kawo mana amsar gida.

Sannan a fassara muhimman sassan dokokin nan biyu, ta laifukan intanet da ta haƙƙin mallaka, zuwa Hausa, da boko da ajami, domin dattawanmu da yawa ajami suke karantawa. A sa a Rediyon Jigawa da sauran tashoshi a lokacin da manoma ke saurare, a bi ta fadojin Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni, a roƙi limamai su faɗa ran Juma'a. Lokacin kaka ya fi muhimmanci, don a lokacin ne kuɗi ke shiga asusun manomi, kuma ɓarayin sun san kalandarmu. Saƙon ba shi da tsawo: banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, tallafin gaskiya ba ya sayen NIN ɗinka, in wayarka ta ɓata ka rufe layi da asusu kafin ka fara cigiya. Ga marubuta da mawaƙa kuma, a samar da takardar neman sauke aikin sata da Hausa, wadda mace za ta iya cikewa a wayarta daga ɗakinta, da wani jami'in Hukumar Haƙƙin Mallaka da zai riƙa zama a Dutse ko da rana ɗaya ce a mako.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Limaminmu yana tunatarwa bayan huɗuba, mai unguwa ya hana kowane baƙo yin rajistar komai sai ya nuna takarda daga ƙaramar hukuma, ni kuma na ware minti goma duk ranar Alhamis ina koya wa 'yan aji shida abin da za su ce in kakansu ya miƙo musu kati ya ce su karanto. Muna kuma sa ido a kan namu, domin mun fara ganin yaran da suka je birni suka dawo da manyan wayoyi da kuɗin da ba a san sana'arsu ba, ƙannensu na kallonsu da sha'awa. Wanda ya kira baffana Bahaushe ne, ya iya gaida dattijo, a wani gida aka haife shi irin namu. Wannan ɓangaren aikin iyaye da malamai ne, mun ɗauka. Rufe asusun ɓarawo cikin dare da tilasta wa banki ya amsa kira kuwa, ba mai iya su sai mai riƙe da doka.

In kun zo hutun majalisa, muna gayyatarku kasuwar Maigatari wata Alhamis, ko Gujungu ran Lahadi, ba tare da jiniya ba. Ku zauna a bencin mai POS na awa ɗaya, ku tambayi duk wanda ya zo cire kuɗi ko an taɓa kiransa daga «babban ofishin banki». Baffa ya ce in kun sa rana zai zo da wayarsa, bai goge alat ɗin nan huɗu ba, kuma lambar da ta kira shi tana nan a rubuce a bangon ɗakinsa da gawayi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare daga karkarar Gumel, a madadin dattawa da matasan garinsu.